SHARHI: Mai Gwajin Manhaja Odita Ne, A Ba Shi Matsayinsa

Idan dai ba a manta ba, a ranar 14 ga watan Mayu na shekarar 2025 ne shugaban hukumar shirya jarrabawar shiga jami'o'i ta JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban manema labarai ya amsa cewa an samu tangarɗa a sakamakon ɗalibai 379,997 waɗanda suka zana jarrabawa a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas. Bayanin da aka yi shi ne, wani gyara da aka yi wa manhajar bai isa wasu daga cikin manyan kwamfutocin da ke hidima ga cibiyoyin ba. Dole ta sa aka sake shirya wa ɗaliban jarrabawa.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, kusan irin wannan sakaci ne ya durƙusar da kamfanin hada-hadar hannayen jari na Knight Capital a Amurka. A ranar 1 ga Agustan 2012 kamfanin ya fara aiki da sabuwar manhaja wadda aka ɗora a kan kwamfutoci bakwai daga cikin takwas, aka manta da ɗaya. Wannan ɗayar ta farfaɗo da wani tsohon umarni, ta dinga saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa. Cikin minti 45 kacal an yi asarar kimanin dala miliyan 440, kuma a 2013 kamfanin ya haɗe da wani, sunansa ya shuɗe.

A duka wuraren biyu akwai tambaya guda wadda da an yi ta a kan lokaci, da ba a kai ga haka ba: shin an tabbatar da cewa abin da aka ɗora ya isa ko'ina, kuma yana yin abin da aka ce zai yi? Yin wannan tambaya sana'a ce mai zaman kanta, ita ce gwajin manhaja, kuma a ganina 'yan kasuwarmu ba su san darajarta ba tukuna.

Aikin mai gwaji ya bambanta da na mai rubuta manhaja. Mai rubutu yana so ya nuna cewa abin ya yi aiki, mai gwaji kuwa neman inda zai karye yake yi. A ce an ba shi manhajar tura kuɗi ta banki. Zai tura naira ɗaya, zai tura daidai iyakar da aka ƙayyade wa mutum a rana, sannan ya ƙara kobo ɗaya a kai ya ga ko za ta hana. Zai katse sadarwa a daidai lokacin da kuɗi ya fita daga asusun mai aikawa bai shiga na mai karɓa ba. Zai danna maɓalli sau biyu da sauri ya ga ko za a cire kuɗin sau biyu. Zai rubuta suna mai ɗauke da ƙ ko ɗ, ko alamar da ke cikin sunan Sa'adatu, domin manhajoji da dama a nan suke tuntuɓe. Daga nan ya rubuta rahoto filla-filla, yadda duk wanda ya bi matakan zai ga kuskuren da idonsa. Bayan an gyara kuma ya sake bin tsofaffin gwaje-gwaje, domin sau da yawa gyaran ɗaki ɗaya shi ke tsaga bangon na kusa da shi.

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa riƙe buhun shinkafa yana jiran saƙon shigar kuɗi, mai saye na rantsuwa an cire masa, ya san abin da ake magana a kai. An ga haka ƙarara a farkon 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya janyo ƙarancin tsabar kuɗi, jama'a suka koma ga waya baki ɗaya, manhajojin bankuna da yawa suka kasa ɗaukar nauyin. Akwai reshen gwaji wanda aikinsa ke nan, wato a loda wa manhaja dubban masu hulɗa na ƙarya a ga inda za ta sare tun kafin na gaske su zo.

Ta fuskar tattalin arziki matsalar a fili take. Kuɗin gwaji yana bayyana a kasafi, amma ribarsa ba ta bayyana, domin asarar da ba ta auku ba babu mai rubuta ta a littafi. Don haka da zarar lokaci ya ƙure ko aljihu ya yi zafi, gwaji ne farkon abin da ake yankewa. Bankin TSB na Birtaniya ya ɗanɗana kuɗarsa: a watan Afrilun 2018 ya kwashe asusun abokan hulɗarsa zuwa sabuwar manhaja, lamarin ya rikice na makonni, shugaban bankin ya sauka a watan Satumba, sannan a Disamban 2022 hukumomi suka ci shi tarar fam miliyan 48.65.

To yaya sana'ar take ga matashin da ke son shiga? A nan ya kamata a faɗi gaskiya, domin masu tallar kwasa-kwasai suna ta shelar cewa wannan ce ƙofa mafi sauƙi ta shiga harkar kwamfuta. Ƙofar dai a buɗe take. Hukumar ISTQB ta duniya, wadda aka kafa a 2002, tana ba da takardar shaida ta matakin farko bayan jarrabawa mai tambayoyi 40, kuma shirin gwamnatin tarayya na horar da matasa miliyan uku a fannin fasaha, wanda aka ƙaddamar a 2023, ya sanya tabbatar da inganci cikin darussansa. Amma takarda ba ta gano kuskure. Gwajin hannu zalla, wato a zauna ana danna maɓalli bisa jerin da wani ya rubuta, shi ne ɓangaren da na'ura ke ƙwacewa, kuma basirar kwamfuta ta zamani ta ƙara wa ƙwacen sauri. Wanda yake so ya daɗe sai ya koyi rubuta gwajin da ke tafiyar da kansa da kayan aiki irin su Selenium, ya kuma iya yi wa rumbun bayanai tambaya.

Har ila yau akwai wani jari wanda ba a cika ambatonsa ba, shi ne sanin harkar da aka yi manhajar dominta. Akawun da ya shekara biyar yana daidaita lissafin banki ya fi sabon injiniya sanin inda kobo ke ɓuya. Wanda ya yi aiki a sito ya san abin da ke faruwa idan an dawo da kaya bayan an rufe lissafin wata. Irin waɗannan mutane, idan suka sami horo, ba su da tsara a wannan fage, kuma muna da su birjik, wasu ma suna zaune ba aiki.

Sauran magana tana wuyan masu kamfanoni. Ba a taɓa cewa akawu ya binciki littafin da ya rubuta da hannunsa ba, shi ya sa doka ta tanadi odita. Amma a kamfanoni da yawa mai gwaji yana ƙarƙashin manajan da ƙarin girmansa ya dogara ga fitar da manhaja a ranar da aka yi alkawari. Ta yaya zai ce a dakata? Kamata ya yi rahotonsa ya isa teburin shugabanni kai tsaye, kuma a ba shi ikon hana fitar da kaya.

Ga ƙaramin ɗan kasuwa da ke ba da kwangilar manhajar kanti ko ta biyan albashi, shawarata ita ce a rubuta cikin yarjejeniya cewa ba za a biya kason ƙarshe ba sai wani mai gwaji na dabam, wanda ba ya cin albashin ɗan kwangilar, ya gwada ta da ainihin rasitai da sunayen abokan ciniki na wata guda, ya kuma sa hannu a kan rahoton.