Jinkiri ya fi cire wayar zuciya haɗari

1/ Jama'a, Kawuna na da na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji. Wajen ya kumbura, har mugunya. Wata 3 muna sintirin kyamis saboda tsoron aiki.

2/ Mun yi kuskure wallahi. Wayoyin na'urar ta jijiya suke bi har cikin zuciya. In ƙwayar cuta ta maƙale musu, magani kaɗai ba ya korar ta, sai an cire komai.

3/ Cirewar galibi ana dacewa. Abin da ya fi illa daga baya shi ne cutar da aka bari ta shiga jini.

4/ Kawu ya rayu, amma ƙodarsa ta taɓu. Kuka ga kumburi ko zazzaɓi, ku kai mutum wajen likitan zuciya ranar.