Ƙahon da ya koma hannu

A wannan fitowa filinmu zai leƙa tsofaffin littattafan dinozor, manyan dabbobin nan da suka shuɗe tun kafin zuwan ɗan Adam, domin yaranmu sukan ɗauki zanen littafi tamkar abin da wani ya gani da idonsa.

A 1863 Louis Figuier ya fito da littafinsa a Faransa, La Terre avant le déluge, wato duniya kafin ruwan Ɗufana, Édouard Riou ya yi masa zane-zane. Littafin ya karɓu ƙwarai, har aka fassara shi da Ingilishi. A ciki an zana dinozor mai suna Iguanodon yana kokawa da wani: jibgegen ƙadangare a kan ƙafa huɗu, da ɗan ƙaho a hanci kamar karkanda.

To, ƙahon nan ba ƙaho ba ne. Gideon Mantell, likitan Ingila da ya raɗa wa dabbar suna a 1825, ƙasusuwa ƙalilan gare shi. Ya ga wani ƙashi mai tsini, ya aza shi a hanci. Masu zane suka yi ta kwaikwayon juna. Sai a 1878, da mahaƙan kwal a Bernissart ta ƙasar Beljiyam suka tono ƙwarangwal kusan 30, aka iske ƙashin a mazauninsa: ashe babban yatsan hannu ne.

Gyaran ma ya zo da nasa kuskuren. Aka tsai da dabbar ƙiƙam bisa ƙafa biyu, wutsiya na jan ƙasa. A littafin Camille Flammarion na 1886 har an zana dinozor ya dafa wani dogon bene, abin da ba shakka ya fi rubutun zama a zukatan yara. Wannan tsayuwa ta yi kusan shekara ɗari a littattafai, kafin David Norman ya nuna a 1980 cewa wutsiyar a sandare take, a miƙe take tafiya, ba ta jan ƙasa. Tsofaffin littattafan da ake sayarwa a bakin hanya har yau suna ɗauke da ita.

Wanda ɗansa ya tambaye shi, sai ya faɗa masa Iguanodon yana da dangi a Nijar: Ouranosaurus, wanda Philippe Taquet ya gano a Gadoufaoua cikin hamadar Tenere, ya ba shi suna a 1976. Shi ma yana da wannan yatsa mai tsini, sai dai nasa ƙarami ne.