Mai Sassabe, Dubi Ƙarƙashin Itace

Ƴan'uwa manoma, lokacin sassabe ya gabato. Kafin a wasa gatari, akwai magana.

Dattawanmu ba su manta da farin 1984 ba. Bayansa gonaki da yawa a ƙasar Illela sun zama faƙo. A 1989 wasu manoman Illela suka tafi Yatenga, a Burkina Faso. Suka ga yadda ake haƙa ramu a faƙo, ana zuba taki. Suka dawo da dabarar, ita ce tassa. Daga wajen Maraɗi kuma sassaben zamani ya iso, wato barin tohon kututture ya girma ya zama itace. Yau kalgo da sabara da gawo sun dawo a wuraren da suka ɓace.

Mun gode Allah. Amma a ganina mun cika ɗaga kai muna duban itace, mun manta da abin da ke ƙasa.

A ƙarƙashin itace gamba ke fita, wadda ake yin zana da ita. A nan tafasa da lalo da yaɗiya ke fita. Mata ne suka san darajarsu. Idan rumbu ya yi ƙasa a tsakiyar damina, wannan ganye ne ke shiga tukunya, kuma yana ƙara wa yara lafiya. Bisashe ma daga nan suke ƙoshi.

To, hannun mai sassabe ne ke raya su ko ya kashe su. Kututturen kalgo ɗaya yakan fitar da toho da yawa. Idan ka bar su duka, sai su cunkushe. Inuwa ta yi duhu, ciyawa ta rasa rana, itacen ma ba zai yi kauri ba. Idan kuma ka aske wurin ƙwal, rana ta ƙone ƙasa, iska ta kwashe irin ciyawa. Zaɓi toho biyu zuwa biyar masu ƙarfi, ka sare sauran. Rage rassan ƙasa har zuwa rabin tsawon itacen. Ganyen da ya zuba, bar shi nan ya ruɓe. Kada ka sa masa wuta.

Gawo shi kam ba ya buƙatar wannan wahala sosai. Da damina yake zubar da ganye, sai hatsi ya sha rana a gindinsa.

Sai maganar taki. Wasu na zaton duk inda aka zuba taki alheri ne. Ba haka ba ne. Takin zamani, idan ya yi yawa, ciyawa mai saurin girma ce ke cinye shi. Ta yi tsawo, ta danne sauran, har wuri ya zama iri ɗaya ko biyu kawai. Ga shi kuma da tsada. Ajiye shi don hatsinka, ɗan kaɗan a kowane rami.

Takin dabbobi ya fi dacewa, amma shi ma yana ɗauke da iri a cikinsa. Ta haka ne gawo ya tsiro a ramun tassa. Ta haka ne kuma garmani ke shiga gona, ciyawar nan da ta mamaye makiyaya da burtali, wadda bisashe ba su damu da ita ba. Saboda haka tara takin a rami, ka riƙa yayyafa masa ruwa, ya ruɓe sosai kafin ka kai shi. In ka ga garmani ya tsiro, tuge shi tun bai yi ƴaƴa ba.