Adon Harshe a Bakin Malamin Kimiyya

Wani ɗalibina ya taɓa rubutawa a takardar jarrabawa cewa ƙwayoyin cuta "sun yi wayo, sun gane magani, shi ya sa ba ya kashe su." Na daɗe riƙe da jan biro ban soke amsar ba, domin ni da bakina na faɗi kwatankwacin haka a aji. Ni ado na yi wa magana, shi kuwa ya ɗauke ta hujjar ilmi.

Masana adabi suna kiran wannan salo mutuntarwa, wato a ba abin da ba mutum ba halin mutum, kamar yadda mukan ce "yunwa ta kama ni". Akwai kuma kamantawa, wadda ake ganewa da kalmomi irin su "kamar" da "tamkar", alal misali "zuciya tamkar famfo take". Mafi wuyar ganewa ita ce siffantawa, inda ake yar da "kamar" ɗin a kira abu da sunan wani kai tsaye. Idan muka ce "garkuwar jiki", ai babu wata fatar sa da ke tare mashi a cikin jini.

Ban ce a kori adon harshe daga kimiyya ba, don ba zai koru ba. A shekarar 1665, lokacin da Robert Hooke na Ingila ya duba ɓawon itace da madubin ƙara girma, ya ga 'yan ramuka jere, sai ya raɗa musu suna mai ma'anar "ƙaramin ɗaki". Har yau da wannan suna Turawa ke kiran ƙwayar halitta.

Haɗarin yana zuwa ne idan aka manta cewa ado ne. Ƙwayar bakteriya ba ta da ƙwaƙwalwar da za ta gane magani. Abin da ke faruwa shi ne, a cikin miliyoyin ƙwayoyi akan sami 'yan kaɗan masu wani sauyi a gadon halittarsu wanda ke sa magani ya kasa kashe su. Sauran su mutu, waɗannan su hayayyafa su cika wurin. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi gargaɗi a kan haka tun 1945. Amma majinyacin da ya ce "jikina ya saba da maganin" ya ɗora laifin inda ba nan yake ba, kuma yakan ƙara wa kansa yawan magani ko ya sayi wani ba tare da ganin likita ba.

Don haka ina ganin wajibi ne malamin kimiyya ya koya wa ɗalibansa tambayoyi biyu a kan kowace jimla mai ado: da me aka kwatanta abin, kuma a ina kwatancin ya ƙare? Shi kansa malamin, duk lokacin da ya yi wa magana kwalliya, to ya biyo ta da bayani tsurarsa kafin a tashi daga aji. Ɗalibin nan nawa dai na ba shi rabin maki, domin rabin kuskuren nawa ne.