Ladan iya lissafi kada ya zama farantin talla na biyu

A zauren mai unguwarmu nan Damagaram, inda muka daɗe muna riƙe da alƙalami, ƙararrakin da aka saba kawowa ba su wuce na iyakar fili da rikicin aure da bashin da ya ƙi biyuwa ba. Kwanan baya wani magidanci ya zo da abin da ba mu taɓa rubuta irinsa ba. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, shawara na zo nema a kan ɗiyata." Shekararta takwas. Malaminta na lakwal ya aiko cewa ta wuce 'yan ajinsu a lissafi, har zaman jiran su gama ya mayar da ita mai surutu. Uwarta kuwa ta ce tunda ba a taɓa cutar yarinyar a canji ba, a ƙara mata farantin talla na biyu. Shi kuma yana tunanin ya matse ya biya wani malami ya riƙa zuwa gida da yamma.

Abin da ya kama hankalinmu wata tambaya ce da uban ya ce ta dame shi da ita: me ya sa duk kuɗin da aka juya daga dala zuwa tamma, ƙarshensa ko dai biyar ne ko sifiri? Ga 'yan uwanmu na ƙetaren iyaka, a nan dala ɗaya tamma biyar ce ta kuɗin sefa, jika kuma dala 200 ce, wato tamma 1,000. Abin da malami zai rubuta 175 a allo, a kasuwar Dole dala talatin da biyar ake kiransa. Kowane ɗan talla yana wannan juyi kullum. Amma wanda ya tsaya ya lura da tsarin da ke cikinsa, har ya nemi dalili, shi ne Allah ya yi wa baiwa, kuma baiwar a tambayar take fiye da saurin ba da amsa.

Ra'ayinmu shi ne hanyoyin nan biyu da aka kawo duk ba su dace da ita ba. Ƙarin talla a fili yake, hukunta yaro ne saboda ya iya. Malamin yamma ma, in dai abin da za a yi a aji wata mai zuwa zai koya mata yau, to ya ƙara mata zaman banza ne kawai, ga asarar kuɗi. Akwai kuma wata ɗabi'a tamu da ya kamata mu bari, ta kiran yaro gaban baƙi a ce ya ninka kaza sau kaza don a yi mamaki. Ko ba a ji tsoron kambun baka ba, yaron da aka saba yi wa tafi yakan fara gudun duk tambayar da ba shi da tabbacin cinye ta.

Abin da irin wannan yarinya ke bukata shi ne matsalar da za ta kwana da ita, kuma muna da irinta a gida. Mu da muka yi karatun zaure mun san wuri guda da lissafi ke fitar da gumi, wato babin rabon gado, wanda ke ƙarshe-ƙarshen Risala ta Ibn Abi Zaid. Kason da Suratun Nisa'i ta yanka shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Kafin malami ya raba, sai ya nemo adadin da duk kason magada za su fita daga cikinsa ba tare da gutsure ba, abin da ake kira asalin mas'ala, kamar 6 ko 12 ko 24. Wannan shi ne ainihin abin da ke kayar da yara a lakwal idan an zo haɗa kaso da kaso, alhali almajirai sun daɗe suna yinsa da tsakuwa a ƙasa. Ba kuma sabon abu muka zo da shi ba. Littafin da Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun, wanda daga sunansa aka samo kalmar aljabara, babban ɓangarensa kan gado da wasiyya yake.

Ga misali. Mace ta rasu ba ta bar ɗa ko iyaye ba, ta bar miji da 'yan uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, su kuma sulusi biyu. A ba yarinya ƙwallon dabino shida a ce ta raba. Za ta ba miji uku, ta juyo ta ba matan huɗu, sai ta tarar uku suka rage. A nan ne babba zai kame bakinsa. A bar ta ta yi fushi, ta ce an yi kuskure, ta kwana ta tashi. Sahabbai ma sai da suka yi shawara a kan irin wannan a zamanin Sayyidina Umar kafin aka tsaya a kan auli, wato a mayar da asalin bakwai, ragin ya shafi kowa gwargwadon rabonsa. Ranar da ta gane cewa ƙwallo 42 za su ba miji 18, matan 24, ta koyi abin da hadda ba ta bayarwa. Za a ce ai ta yi ƙanƙanta da ilimin fara'ili. Haka ne, ba fatawa za ta bayar ba, kuma ba mu ce a ɗora mata sanin wa ke tare wa daga gado ba. Ƙirgar kaɗai muke so ta taɓa.

Sai hatimi, wanda mun san ambatonsa zai sa wasu ɗaga gira. Batun tsibbu da abin da ake jingina masa mun bar wa malamai su yi hukuncinsa. Amma a zana gida tara, a jera 1 zuwa 9 yadda kowane layi, a tsaye da a kwance da daga kusurwa zuwa kusurwa, zai ba da 15, wannan lissafi ne tsantsa. Shehi Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci kan ƙa'idar cika irin waɗannan gidaje idan adadin layukansu mara ne, kuma masu tarihin lissafi suna ambatonsa har yau. Ita ma dara, mai gurbi talatin da 'ya'ya goma sha biyu a hannun kowa, tana koya wa yaro hangen abin da zai biyo bayan motsinsa. Mun sani ba a zaunar da 'ya mace a dandalin darar maza, amma tsakar gida ma akwai ƙasa, kaka kuma ba ya rasa lokaci.

Duk wannan ba ya maye gurbin lakwal. Can ne za ta sami rubutaccen lissafi da takardar shaida, kuma malamin da ya lura da ita cikin aji mai cunkoso ya cancanci godiya.

Mai unguwa ya yanke cewa ba za a ƙara faranti ba, kuɗin malamin yamma kuma uban ya riƙe abinsa. Ran Alhamis, da yake ba makarantar allo, yayanta zai riƙa rako ta zauren liman bayan la'asar. Uwar ba ta ji daɗi ba, kuma ba mu ga laifinta ba, don cinikin farantin nan yana cikin kuɗin cefane. Zama na uku yarinyar ta cika gida tara, ta kuma ce ta gwada ta gwada, in ba biyar ta sa a tsakiya ba abin ba ya fita, mene ne dalili? Liman ya ce ta je ta nemo. Ya zana mata gida ashirin da biyar, bai gaya mata cewa 65 ake nema a kowane layi ba.