ZAUREN IYALI: Kada Sallar Uwargida Ta Ƙare a Bakin Murhu

Ga Sallar layya ta ƙarato, Allah ya nuna mana ita da rai da lafiya. A wannan fitowa mun ga ya kamata mu tattauna a kan abincin nan da ake tara dangi da baƙi a kansa, domin a gidaje da yawa shi ne ke mayar da ranar farin ciki ta zama ranar ɓacin rai.

Wata Sallah da ta wuce mun je barka da Sallah wani gida a Tumbutu, tamu ta nan ƙasar Malanbil, ba waccan ta Mali ba. La'asar ta yi sakaliya, amma muka tarar da uwargida da zanen aikin da ta ɗaura tun asuba, idanunta sun yi ja saboda hayaƙi, kayan Sallarta kuwa suna nan a ninke bisa gado. Muna cikin gaisawa sai mai gida ya leƙo daga zaure ya ce, "Hajiya, ga abokan kasuwata su takwas, a ƙara shinkafa." Ta ce, "To, Alhaji." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, amma duk macen da ke tsakar gidan ta san nauyin wannan "to". Bayan kwana biyu muka sami labarin cewa cinya guda ta yi wari an binne ta, don ba a sami hannun da zai soya ta a kan lokaci ba. Alhajin nan ba mugu ba ne. Ragonsa ya fi na kowa a unguwa. Abin da ya rasa shi ne zama na rabin awa da iyalinsa kafin ranar.

A ganinmu tushen wahalar shi ne muna cusa aikin kwana uku a cikin wuni ɗaya, alhali addini bai matsa mana haka ba. Kwanakin yanka uku ne, ko da yake na farko ya fi falala. Kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi, abin da ake so shi ne mutum ya ci, ya yi sadaka, ya yi kyauta, ba tare da an ƙayyade masa kashi kaza ba. Babu inda aka ce sai kowa ya ci tuwonka ranar Idi kafin faɗuwar rana. Dubi al'adar da muka gada tare da 'yan uwanmu Dandawa da Zabarmawa: a feɗe rago, a baje shi a kan sanduna, a jera kewaye da wuta ya gasu sannu a hankali har dare, a ci kayan ciki a ranar farko, sai kashegari a yanyanka a rarraba. Magabata ba su da firiji, amma sun san abin da rana ke yi wa ɗanyen nama. To me zai hana babban abincin baƙi shi ma ya koma rana ta biyu? Ranar Idi a bar ta ga Idi, da yanka, da gashi, da abinci mai sauƙi na mutanen gida, kamar waina da aka kwaɓa ƙullunta tun jajibere, da hanta da aka soya. Kashegari nama ya riga ya gasu, jiki ya huta, sai a dafa shinkafa da miya a kira wanda za a kira.

Maganar zafi ba ta wasa ba ce. Layya tana matsowa baya da kamar kwana 11 kowace shekara. A 2024 ta faɗo a tsakiyar Yuni, a 2025 a farkonsa, kuma daga nan tana ratsa Mayu ne ta nufi Afrilu, wato tsakiyar bazara, lokacin da zafi a kwarin kogin nan yakan haura awo 40. A irin wannan yanayi kayan ciki ba sa jiran kowa. Su ne farkon abin da za a wanke a ɗora a wuta, tun kafin a tsaya gardamar wa za a kai wa ƙafar gaba. Wanda ke da firiji kada ya dogara da shi kacokan: in aka cika shi maƙil da nama mai ɗumi, tsakiyar ba ta yin sanyi da wuri, in kuma wuta ta ɗauke cikin dare, sai dai a wayi gari da hasara. Abin da za a ajiye a soya shi har ruwansa ya ƙone sarai, a zuba shi cikin tukunya mai murfi, kitsensa ya rufe shi. Shinkafar da ta kwana a wannan zafi kuwa kada a ba yara, ko da hanci bai ji komai ba.

Sai ƙidayar baki. Mun san akwai masu jin nauyin wannan, suna cewa ai baƙo rahama ne, ba a ƙidaya shi. Gaskiya ne ba a korar baƙo, amma mai auna shinkafa dole ta san mudu nawa za ta wanke. Mako guda kafin Sallah mai gida ya zauna da iyalinsa a lissafa: mutanen gida nawa, surukai nawa, abokan ciniki nawa, kwano nawa za a aika maƙwabta, sannan a ɗora wani abu saboda wanda Allah zai jefo. A tambayi dangin da ke ƙetaren kogi ranar da za su iso, domin wani lokaci Sallarmu da ta Gaya takan bambanta da kwana ɗaya. In gidan na mata biyu ne ko uku, a wannan zaman ne za a raba aiki a fili, kada a bar shi duka a kan mai girkin ranar don kawai kwananta ne ya faɗo.

Game da rago, kalma ɗaya za mu faɗa wa magidanta: layya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda yake da hali, ba a kan wanda zai ci bashin da zai hana shi barci har kaka ba. Shekarun nan sun koya mana darasi. A Yulin 2023 aka rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya, kaya suka koma bin jiragen ruwa, sannan a Mayun 2025 hukumomin Nijar suka hana fitar da dabbobi ana dab da Sallah. Waɗanda suka sayi ɗan tsakon ragonsu da wuri a kasuwar Gene, suka yi kiwonsa da dusa da harawa a bayan ɗaki, su ne suka yi barci da minshari a wannan makon. Kuma a tuna, kuɗin Sallah ba ya ƙarewa a kan rago. Akwai itace, da mai, da kayan yaji, da ladan mahauci. Mun sha ganin wanda ya zuba duk abin da ke aljihunsa a kan ƙaho, ya bar uwargida tana aiken yaro rancen gishiri.

Mahaucin nan a yi magana da shi tun da sauran kwanaki, a yanke lada, a sa lokaci, don ranar Idi kowa nemansa yake yi. A biya shi da kuɗi. Bai halatta a biya shi aikinsa da naman layya ko da fatarta ba, sai dai a ba shi kyauta bayan an sallame shi. Kada kuma gaggawa ta sa a riga liman yanka.

Cefane kuwa mu Allah ya hutar da mu, tun da shinkafa da albasa a ƙofarmu ake noma su. Kasuwar Malanbil tana ci mako-mako. Duk abin da ba ya lalacewa a saye shi a kasuwar da ta gabaci ta jajibere, kafin cunkoso da tashin farashi. A daka yaji, a niƙa abin niƙa, a fasa itace a shigar da shi inuwa saboda hadari, a cika randuna. Tumatir da ƙanƙara kaɗai za a bari sai ranar.

Saura samari. Abin kunya ne a ga ƙarti huɗu a gindin bishiya suna shan shayi suna latsa waya, mahaifiyarsu tana jan ruwa. Gashi da fasa ƙashi da ɗiban ruwa da shimfiɗa tabarmi da kai kwanuka unguwa, duk nasu ne, kuma uban ne zai faɗa musu da bakinsa tun jajibere, kowa da sunansa da aikinsa. Kada a yi miya kala uku don a burge suruka. Shinkafa ɗaya, miya ɗaya mai kyau, nama a wadace, da zoɓo mai sanyi sun isa a fita kunyar kowane baƙo.

Shekarar da ta biyo baya mun koma gidan nan na Tumbutu rana ta biyu, bisa gayyata, bayan azahar. Babban ɗan gidan ne ya kawo mana ruwan wanke hannu. Da muka shiga gaida Hajiya muka same ta a kan darduma cikin shaddarta, ƙannenta mata na kewaye da ita, faranti a gabanta. Ta ce mana rabonta da ta ci naman layya da zafinsa tun tana gidan mahaifinta.