Rodi Ba Ya Fitowa a Hoto

Ko'ina ka zauna a Bauchi yanzu, daga majalisun Yelwa zuwa na Wunti, karatun ɗaya ne ake yi wa matasan injiniyoyi: wai kamfanin ginin da ba shi da shafi a Facebook da Instagram ya mutu, jana'iza kawai ake jira. Yaro ya gama jami'ar ATBU, bai taɓa tsayawa a kan lebura suna kwaɓa kankare ba, amma ya iya haɗa bidiyon gida mai fitilu da kiɗa. Shi ne ake kira wayayye.

Ban yarda ba. Gini ba atamfa ba ne da za ka ga launi ka saya. Abin da ke riƙe bene duk a ɓoye yake: zurfin fandisho, kaurin rodin da ke cikin ginshiƙi, kwano nawa na yashi da tsakuwa aka zuba wa buhun siminti ɗaya, bulo nawa aka matse daga buhun. Kankare sai ya kwana 28 kafin a auna cikakken ƙarfinsa, kuma a zafin Maris da Afrilu na garin nan in ba a ba shi ruwa safe da yamma ba, ƙonewa yake yi. Wanne daga cikin waɗannan kyamara ke ɗauka? Fenti take ɗauka, da tayil, da silin. Sau da yawa ma hoton ba na gini ba ne, zanen kwamfuta ne.

Ranar 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi ta Legas, mutum sama da 40 suka rasu. An tallata shi ƙwarai, hotunansa gwanin sha'awa. Sai bayan ya faɗi jama'a suka ji cewa injiniyoyin da suka fara aikin sun rubuta wasiƙar janye hannunsu tun 2020. Tallar kowa ya gani, wasiƙar kuwa tana cikin fayil.

Za a ce ai dandalin sada zumunta yana haɗa ka da masu ba da aiki. Wane aiki? Kwangilar gwamnati tana da dokarta da takardunta, kuma mu bar kitso da ƙwarƙwata, kowa ya san akwai wasu ƙofofin da ba a intanet suke ba. Ɗan kasuwar Muda Lawal mai son gina gida kuwa, maƙwabcinsa zai tambaya wa ya gina masa nasa. Wanda tallar ke kamawa shi ne na nesa, ma'aikaci a Abuja ko mazaunin Saudiyya, mai turo kuɗi a turo masa hoto.

Haka ta faru da wani ɗan'uwana. Ya ga wani kamfani a Instagram, mabiya dubbai, ya kira ni wai in je in sa albarka kawai. Na tambayi mai kamfanin lambar rajistarsa ta COREN, hukumar da ke tantance injiniyoyi tun 1970. Ya ce tana ofis. Na ce to, ranka ya daɗe, kai ni gida ɗaya da ka gina wanda ya ga damina biyar, in duba bango, in gaisa da mai gidan.

Ya ce zai turo mini ta WhatsApp.